Neman Diyyar Haɗarin Mota Daga Kamfanin Inshora

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu a ƙasar Sarkin Ruma ta Batsari da ta Yarima ta Safana, saboda in mota ta yi ɓarna a hanyar Katsina ko ta Jibiya ko ta Dutsin-Ma, ƙofar hakimi talakawa kan fara zuwa. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa doka ta tanada musu diyya ba, waɗansu kuwa sun ji ƙishin-ƙishin, amma sun ɗauka kuɗin kan zo ba tare da an nema ba.

A waɗansu ƙasashe akwai irin inshorar da ba a tambayar mai laifi. Lardin Saskacewan na Kanada shi ya fara ta a 1946, Jihar Masacusets ta Amurka ta bi a 1971, ƙasar Niyu Zilan kuma ta shimfiɗa ta bisa kowane irin haɗari a 1974. A can, wanda ya ji ciwo yakan karɓi kuɗin magani da na aikin da ya rasa ba tare da ya jira shari'a ba. Duk da haka akwai sharaɗi: a Jihar Niyu Yok dole ya ba kamfani sanarwa a rubuce cikin kwana 30, kuma abin da ake biya na asali ba ya wuce dala 50,000.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci hakimi ya riƙe. A nan kamfani yana biya ne a madadin direban da ya yi ganganci ko sakaci. In ba a nuna cewa laifin direban ne ba, kamfani yana da ikon ya ƙi biya, ko da mutum ya rasa ƙafa. Don haka diyya ta rataya a kan shaida, shaida kuwa a wurin haɗari ake samunta, a ranar da abin ya auku.

Dokar da ta wajabta wa mai mota ya yi inshora domin mutanen da motarsa za ta cuta an yi ta a 1945, ta fara aiki a 1950. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya, sa'an nan a watan Agusta 2025 aka sa hannu kan sabuwar doka wadda ta haɗe tsofaffin wuri guda. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta yanke farashi daga 1 ga Janairu 2023: ƙaramar motar gida Naira 15,000 a shekara, kamfani ya biya ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3, babbar motar kaya Naira 100,000, ɓarna har miliyan 5, babur Naira 3,000, ɓarna har miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar saniya ko amalanke ko katangar gida. Diyyar rai da ta rauni lissafinta dabam ne, ana daidaitawa da kamfani, in ba a daidaita ba alƙali ya yanke. Fasinjan da ya biya kuɗin mota yana cikin masu haƙƙi tun dokar farko. Amma direban da ya jawo haɗarin, da motarsa, wannan inshora ba ta biyansu, sai in mai motar ya sayi babbar inshora mai ɗaukar kome.

In haɗari ya auku, abu na fari shi ne a kai masu rauni asibiti, a kuma sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kiyaye Haɗura. Daga nan aikin malamin hakimi ya fara. Sai ya rubuta rana da lokaci da wurin, da lambar motar, da sunan direba da na mai motar, da sunan kamfanin inshora da lambar takardar. Ya rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu da ƙauyukansu, domin ranar kasuwa mutane sukan watse kafin la'asar, wanda ya ga abin kuwa watakila daga Runka ya zo ko daga Wagini. In akwai mai waya a kusa, a ɗauki hoton motar a inda ta tsaya, da sawun tayarta a ƙasa, tun ba a janye ta ba. Littafin malami ba ya tsayawa a matsayin rahoton 'yan sanda, amma sau da yawa shi ne kaɗai abin da ke tuna wa mutane gaskiyar magana bayan wata shida.

Wajibi ne a bincika ko takardar inshorar ta gaske ce. Takardun jabu sun yi yawa, irin waɗanda ake saya a bakin tasha don a nuna wa ɗan sanda kawai, babu kamfanin da ya san da su. Kamfanonin inshora suna da rajista guda ta intanet, ana sa lambar mota a waya a ga ko tana ciki. In ba ta ciki, haƙƙin wanda aka cuta bai faɗi ba, sai dai ya koma kan mai motar da direbansa, su biya daga aljihunsu.

Akwai wata al'ada da ke ɓata wa mutane nema. Galibi daga wurin haɗari akan wuce da mai karaya wurin maɗori. Ba a hana kowa zuwa wurin maɗori ba, amma kamfani ba ya karɓar maganarsa; takardar likita yake nema, mai nuna irin raunin da ranar da aka gan shi. Saboda haka a fara zuwa asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma ko na Katsina, a ajiye kowace rasit, har ta magani ɗaya. In rai ya fita, a nemi takardar shaidar mutuwa kafin a tafi da gawa, gama bayan jana'iza samunta yana da wuya, sa'an nan a sami takardar kotu mai nuna magada.

Da takardu sun haɗu, sai mai motar ya sanar da kamfaninsa ba da jinkiri ba, wanda aka cuta shi ma ya rubuta wa kamfanin, ya haɗa da kwafen rahoton 'yan sanda da na likita da rasit, ya riƙe na asali. Kamfani zai aiko mai ƙiyasta ɓarna, ya faɗi abin da zai biya, ya ba da takardar sallama a sa hannu. Kada wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa sai malami ya karanta masa ita duka, domin wanda ya sa hannu ya rufe ƙofar neman ƙari, ko da ciwon ya tashi daga baya. In kamfani ya yi ta ja da magana, ana kai kuka ga sashen ƙorafi na NAICOM, ko a kai ƙara kotu, amma a sanar da kamfanin tun kafin a shigar da ita.

Sauran magana ita ce ta yafewa. An saba in direba ya zo gaisuwa da dattawan tasha, sai wani babba a dangin mamaci ya ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafe wa direba alheri ne, amma kuɗin inshora ba daga aljihun direba suke fita ba, an riga an biya kamfani domin irin wannan rana. Kuma a shari'a diyyar kisan kuskure haƙƙin magada ce, baligi yana iya barin rabonsa, ba ya iya barin na maraya. Ya kamata hakimi, in an kawo irin wannan sulhu gabansa, ya tambaya ko mamacin ya bar mata da ƙananan yara, ya sa malaminsa ya rubuta sunayensu, ya kuma nemi a ji daga bakin matar kafin a tashi.