Auren Da Ya Girgiza Gida Biyu: Labarin Seretse Da Ruth

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa kudancin Afirka, mu ji yadda wariyar launin fata ta shiga tsakanin ɗa da baffansa, da tsakanin 'ya da mahaifinta, da kuma yadda aka ƙare.

(KIƊA)

An haifi Seretse Khama a 1921 a garin Serowe, cikin ƙasar da a lokacin ake kira Bechuanaland, wato Botsuwana ta yau. Shi ne magajin sarautar Bamangwato. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 4, sai baffansa Tshekedi Khama ya riƙe masa gadon sarauta, ya rene shi, ya tura shi karatu har Ingila. A Landan, a 1947, ya haɗu da Ruth Williams, Baturiya ma'aikaciyar kamfanin inshora, wadda ta tuƙa motar ɗaukar majinyata a yaƙin duniya na biyu.

Da maganar aure ta taso, gida biyu suka ɗauki zafi. Mahaifin Ruth bai tsaya tambayar halin yaron ko iliminsa ba. Baƙar fata ce kawai ya gani, ya kori 'yarsa daga gida. Ta rasa aikinta. Coci ma ta ƙi ɗaura musu aure, sai a ofishin gwamnati aka ɗaura, a watan Satumbar 1948.

A can Serowe kuwa, Tshekedi ya ce atafau ba zai yarda ba. Hujjarsa ita ce matar sarki uwar jama'a ce, ba a zaɓo ta ba da shawarar dangi ba, balle a ce baƙuwa daga wata al'umma. Amma shi ma ya yanke wa Ruth hukunci tun bai taɓa sa ta a ido ba.

Masu saurare, a nan ne darasin yake. Seretse bai saki matarsa ba, bai kuma yanke zumunci da baffansa ba. Gida ya koma, ya tsaya gaban taron dattawa da talakawa da suke kira kgotla, ya faɗi dalilansa cikin ladabi. A zama na farko bai yi nasara ba. Sai a zama na uku, a watan Yunin 1949, dubban mutane suka miƙe suka ce sun karɓe shi sarki tare da matarsa. Ruth ta tare a Serowe, ta zauna cikin jama'a, suka ga halinta da idonsu.

(KIƊA)

Gwamnatoci ne suka ƙi haƙura. A wannan shekarar ta 1949 Afirka ta Kudu ta kafa dokar haramta aure tsakanin farar fata da sauran jinsi, don haka ba ta son ganin irin wannan aure a fadar maƙwabciyarta. Birtaniya kuma, mai iko da Bechuanaland a lokacin, tana kwaɗayin zinariya da yuraniyam ɗin Afirka ta Kudu. Aka kafa kwamitin bincike, aka ɓoye rahotonsa shekaru 30, sannan a 1950 aka hana Seretse zama ƙasarsa.

Sai a 1956 ya dawo, bayan sun sasanta da baffansa, ya kuma sauke haƙƙinsa na sarauta. Ranar 30 ga Satumbar 1966 Botsuwana ta sami 'yancin kai, Seretse ya zama shugabanta na farko har rasuwarsa a 1980. Ruth ta ci gaba da zama a ƙasar tana aikin agaji har ta rasu a 2002. Ɗansu Ian Khama ya shugabanci ƙasar daga 2008 zuwa 2018.

Wannan magana ta shafe mu. A gidajenmu ma akan fasa aure don an ce yaro ba ɗan ƙabilarmu ba ne, ko kakansa mahauci ne, ko yarinya ta cika baƙi. Binciken aure abu ne mai kyau, amma a binciki mutumin kansa: gaskiyarsa, riƙon amanarsa, sana'arsa, da zamansa da iyayensa. Iyaye, kafin ku ce a'a, ku kira shi ku zauna da shi. Matasa kuma, in kun ji babba a gida yana aibata wata al'umma gaba ɗayanta, kada ku yi shiru, kada kuma ku yi rashin kunya. Ku ce: Baba, mu fara sanin mutumin nan tukuna.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)