Telolin Zangon Agoè: Shekara Uku a Gindin Keke

Wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta miƙe arewa, wadda manyan motoci ke bi zuwa Wagadugu da Yamai, da ya wuce kasuwar Agoè-Assiyéyé kaɗan zai faɗa Zango. Unguwar ba ta daɗe sosai ba. Tsohon Zangon yana tsakiyar birni ne, gwamnatin Shugaba Eyadema ta rushe shi a 1977, aka kwaso mutanensa zuwa nan, kimanin kilomita 15 daga inda suka saba. Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarabawa suka taho da abin da rusau ba ya iya taɓawa: fatauci, dillancin dabbobi, fawa, da ɗinki. Yau da wuya ka bi layi guda a Zango ba ka ji ƙarar keken ɗinki daga wani shago ba.

Aikin tela yana farawa ne daga yadi, yadin kuwa kusan duk baƙo ne. Togo na noman auduga, amma mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita. Shaddar gezna daga Ostiriya take zuwa, mai araha daga Sin, atamfa mai tsada daga Holan, duk ta tashar jirgin ruwan Lome, daga nan zuwa babbar kasuwar Adawlato inda matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna da cinikin atamfa. Akwai kuma shaddar da aka rina a Bamako, mai sheƙi da ƙamshin ƙaro. Galibi mai ɗinki ne ke zuwa da yadinsa. Na tela shi ne zare, allura, maɓalli, zif, alli, man keke, gawayin dutsen guga, da wutar lantarkin da yake saye da kati.

Yaron da aka kawo koyo ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan yadudduka a watanninsa na farko. Uba ko kawu ne ke riƙo hannunsa, a zo da goro da shaidu, a daidaita kuɗin koyo, a rubuta yarjejeniya. "Maigida, ga ɗanka nan, amana ce." "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Alhaji." Yawanci shekara uku ake yankewa, ba albashi, sai ɗan kuɗin abinci in maigida mai kirki ne. Shara ce farkon darasi, sai hura gawayi, sai aike. Bayan haka a ba shi keken ƙafa ba zare, da takardar buhun siminti. Zai yi ta taka feda yana bin layin da aka zana masa, allura na huda takarda, har ƙafa da hannu su daina gardama da juna. Maigida ya ɗaga takardar ya duba ta a hasken ƙofa: in ramukan sun miƙe, an ci gaba, in sun karkace, a sake. Daga nan sai kalmasa, sai ramin maɓalli, sai aljihu, sai haɗa wando. Yanka ne na ƙarshe, domin ɗinkin da ya ɓaci ana farke shi, amma shaddar da almakashi ya ci ba daidai ba ta tafi ke nan, kuma maigida ne zai biya.

Dubi yadda ake fitar da kaftani. Tela ya auna tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji da wuya, ya rubuta a littafinsa, ya yanki ƙyalle kaɗan ya manna kusa da sunan mai kaya don kada a rikice. Ya ninka shaddar biyu a kan tebur, ya lura da yadda zanenta ya kwanta don gaba da baya su dace, ya ja layi da alli. Wuya shi ne wurin da ake gane gwani. In ya yi faɗi, riga ta zube a kafaɗa. In ya matse, mai ita ba zai sake saka ta ba. Sai a kai gaban rigar wajen mai aiki, wanda zai zuba mata zare a wuya da aljihu da bakin hannu. Da can da allura ake yin aska biyu da aska takwas a babbar riga, mutum ya shafe makonni a kan guda. Yanzu injin aiki na gamawa a yini, mai kwamfuta kuwa cikin sa'o'i. Bayan an haɗa, a share zaren da ya yi saura, a kai wa masu bugu ko a goge, a ninke.

Lissafin kuɗin ba shi da daɗin ji kamar yadda ake zato. A ɗauka tela ya karɓi sefa jika biyar a kan kaftani da wando. Mai aiki zai ɗauki rabonsa, zare da maɓalli su ci nasu, ga hayar shago, ga wuta, ga harajin ƙaramar hukuma, ga abincin yara. Abin da ya rage shi ne na cefane. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata tun Janairun 2023, kuma akwai watannin da tela mai shago ba zai rantse ya kai hakan ba. Shekararsa tana rataye ne a kan azumi da Babbar Sallah, da bukukuwan aure, da komawar yara makaranta, da Kirsimeti ga mai abokan ciniki Ewe da Kabiye. Goman ƙarshe na azumi ba barci, baya na ciwo, ido na yaji, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ga Hajiya a bakin ƙofa tana cewa, "Malam, yau kwana nawa kana ce mini gobe?" Ita ma tana da gaskiya, teloli da yawa na karɓar abin da ya fi ƙarfinsu saboda sun san bayan Sallah sai zaman jira. Gwanjon kasuwar Hedzranawoé na janye matasa, kayan Sin ɗinkakku na janye iyayen yara. Gobarar da ta ci kasuwar Agoè-Assiyéyé a Disambar 2023, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara, ta taɓa teloli ko da shagunansu ba su ƙone ba, domin matar da jarinta ya zama toka ba ta kawo ɗinki.

Duk da haka ina ganin babu makarantar da ta kai shagon tela buɗaɗɗiyar ƙofa a wannan unguwa. Ba ta tambayar takardar firamare. Yaron da allo kaɗai ya yi, yarinyar da aka cire daga aji huɗu, bazawarar da ta dawo gida da goyo, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa har sai an sa masa keken hannu, duk suna samun wurin zama. Kuma ɗan Zango, wanda har yanzu wasu ke kallo a matsayin baƙo ko da kakansa a Lome aka haife shi, yana koyon Ewe da Faransanci a bakin tebur, yana auna kafaɗar ma'aikacin gwamnati, yana shiga ƙungiyar masu sana'a tare da waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Ranar da ya zauna jarrabawar kammala koyo ta gwamnati, wadda ake kira CFA, ya fito da takarda mai hatimin ƙasa ɗauke da sunansa. Ga wanda bai taɓa riƙe wata shaidar karatu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsarin yana da ɓaraka, kuma bai kamata a rufe ta ba. Akwai maigidan da ke mai da yaro ɗan aike shekara biyu, yana ɓoye masa yanka don kada ya tashi da wuri. Akwai bikin yaye, wanda a wasu shaguna kuɗinsa ke kai iyaye ga cin bashi, har yarinyar da ta gama koyo ta ƙara shekara tana yi wa uwar ɗakinta aiki kyauta saboda ba a haɗa kayan biki ba. Wanda bai iya karatun boko ba kuma yakan ji tsoron jarrabawa alhali hannunsa ya fi na masu ci.

Babbar matsalar tana zuwa ne washegarin yaye. An yi addu'a, an ci shinkafa, an ɗauki hoto da takarda, amma ba keke, ba tebur, ba kuɗin ajiyar shago. Nan ne ake asarar shekara uku. Saurayi ya karɓi babur ya shiga kabu-kabu da niyyar tara kuɗin keke, shekara ta zagayo hannu ya fara mantuwa. Gwamnati ta kafa asusun FNFI a 2014, kuma cikin rancensa akwai na matasan da suka gama koyon sana'a. An kuma buɗe yankin masana'antu na Adétikopé a 2021, a kan wannan hanya ta arewa, inda ake ɗinka tufafin fitarwa waje. Dukansu suna da amfani. Sai dai masana'anta hannu guda take koya wa mutum, wannan ya sa aljihu, wancan ya sa wuya, rance kuwa yana son takardu da mai tsaya maka, abin da yaron Zango ya fi rasawa.

Abin da ya fi kusa da hannun jama'a shi ne a juya kuɗin biki ya koma jari. Keken ƙafa ɗaya, almakashi mai kyau da dutsen guga sun isa mutum ya fara a zauren gidansu. Attajiran unguwa da ke fitar da zakka, da ƙungiyoyin teloli masu adashi, da iyayen da za su kashe kuɗi a kan rumfa da lemo, za su iya haɗa wannan tun yaro na shekararsa ta biyu. Maigida kuma ya riƙa tura masa ɗinkin da ya yi masa yawa a azumin farko, har masu kaya su san ƙofarsa.