Furen garka da ba a san sunanshi ba

A birnin Yamai akwai wani icce mai fure da ake shukawa cikin gidaje da ƙofar ma'aikatu, don ado. Mutumin ƙauye in ya gan shi sai ya tsaya kallo. Rani ya ƙone komi, amma shi ganyenshi shar, furenshi kamar an rina. In ya tambayi mai ban ruwa sunanshi, sau da yawa sai a ce mishi: "Fure ne." To, fure ba suna ba ne. Kuma rashin sanin sunan wannan icce yana iya kashe ragon layya.

Faransawa suna ce mishi loriye-roz. Malaman ilimin tsirrai suna ce mishi Nerium oleander. A Maroko da Aljeriya da Tunisiya yana tsirowa da kanshi bakin koramu. Yana jure rana da ƙishirwa, shi ya sa masu garka suke son shi.

Ga yadda ake gane shi. Ba ya yin gindi guda, rassa ne da yawa suke tasowa daga ƙasa, har su wuce tsawon mutum. Ganyenshi dogo ne siriri, santimita 10 zuwa 20, mai kauri, da jijiya guda a tsakiya. Wani zai ce ganyen turare ne. A duba da kyau: ganyen loriye-roz uku-uku yake fitowa a gaɓa ɗaya, kuma ba shi da ƙanshin turare. Furen yana taruwa a bakin reshe. Akwai mai ja-ja, akwai fari, akwai ja wur. In aka karya reshe, ruwa mai danƙo yana fitowa.

Iccen nan dafi ne tun daga saiwa har fure. Dafinshi zuciya yake kamawa. Ganyen da bai cika tafin hannu ba yana iya kada saniya, balle akuya. Ɗanyen ganyen yana da ɗaci, bisashe ba su cika kula shi ba. Wahalar tana ga wanda aka yanke. In mai garka ya aske rassa ya zubar bakin hanya, suka yi yaushi ko suka bushe, ɗacin yana raguwa amma dafin yana nan. Lokacin bazara harawa ta yi tsada. Yaro ya ga tarin ganye kyauta, ya kwaso cikin buhu tare da ciyawa, ya zuba ma ragon da aka sayo kasuwar Turaku. Dabbar sai ta fara ciwon ciki da zawo, wani lokaci da jini, ƙafafunta su yi sanyi, ta kwanta. Tana iya mutuwa ranar nan ko kashegari.

Mutum ma bai tsira ba. Ba a asuwaki da reshenshi, ba a tsinken tsire da shi, ba a sa shi murhu, don hayaƙinshi ma yana cuta.

Yana da ɗan'uwa mai furen rawaya kamar ƙararrawa, da ganye mafi siranta, da farin nono. Sunanshi tebesiya, asalinshi ƙasashen Amurka masu zafi. Ƙwallonshi ya fi komi haɗari ga yara. Dukansu dangin kariya ne da tumfafiya, waɗanda kowane makiyayi ya sani tun yana yaro. Bambanci ɗaya ne: na daji an gaji saninsu wurin iyaye, na garka baƙi ne.

Wanda ya ga furen da bai sani ba, kada ya ɗanɗana, kada ya gwada ma akuya. Ya yanko reshe mai ganye da fure, da ɗiya in akwai. Fure shi kaɗai bai isa a gane icce ba. Ya shimfiɗa reshen tsakanin takardu biyu, ya danne da dutse, ya wanke hannu da sabulu. Mai karatu ya rubuta inda ya samo shi da watan da ya yi fure. Mai salula ya ɗauki hoton iccen gaba ɗaya. Daga nan sai wurin ma'aikacin gandun daji ko malamin gona. In abin ya fi ƙarfinsu, a Yamai akwai INRAN, ma'aikatar binciken noma da aka kafa a 1975, akwai kuma malaman tsirrai na Jami'ar Abdu Mumuni, ƙetaren gadar Kenedi.

In dabba ta riga ta ci, a kwashe sauran ganyen daga gaban garke. Kada a kore ta da gudu, zuciyarta ba ta ɗauka. A kira likitan bisashe nan da nan, a ajiye mishi ganyen ya gani da idonshi.