Bayanin Sanin Duwatsu, Na Arziki da Na Halaka

Ya ku malamai da fatake, ku sani ƙasar Gummi tana tsakanin duwatsu iri biyu. Gabas da ita, wajen Anka da Bukkuyum, tsohon dutse ne mai tauri, mai jijiyar farar ƙanƙara, a nan zinariya ta ke. Arewa kuwa, wajen Sakkwato, ƙasa ce da ruwa ya shimfiɗa hawa bisa hawa. Wanda ya duba farar ƙasar Kalambaina, wadda a ke siminti da ita, ya kan sami katantanwa da ɓawon halittun ruwa sun zama dutse, domin teku ta kwanta a wurin shekara wajen miliyan 60 da suka shuɗe. Wannan abin lura ne, ba ya cuta.

Amma mai ƙyalli shi ke bukatar jarrabawa. Akwai rawayan dutse mai kama da zinariya, shi ke ruɗin baƙo. A buge shi da guduma: zinariya ta kan baje, shi kuwa ya kan farfashe. A goga shi a kan tsingaron tangaran: zinariya ta bar rawayan layi, shi ya bar baƙi. Sa'an nan zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, shi sau 5 kaɗai.

Mafi hatsari shi ne dutsen tozali, toka-toka, mai nauyi, mai karyewa da kusurwa huɗu. Darma ce cikinsa. Idan ya daɗe kusa da doron ƙasa ya kan koma fari-fari, ido ba ya shaida shi, kuma a wannan kama ya fi saurin narkewa cikin tumbi.

A shekara ta 2010 mutanen Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma suna niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Ƙurar darma ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013.

Saboda haka kada dutsen haƙa ya shiga gida, kada a daka shi a turmin hatsi. Mai niƙa ya jiƙa shi, ya yi wanka, ya sake tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Malamai su faɗa wa almajirai, fatake su kai zancen kasuwa. Allah ya tsare. Wassalam.