Kwamfutata Tana Nawa Wajen Karanta Faifai, Shin Ta Mutu Ke Nan?

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai saye da sayar da masara a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Ya ce yana da tsohuwar kwamfuta ta tebur mai Windows XP, wadda ya gada daga wansa. A da, da ya sa faifan CD nan take yake buɗewa. Yanzu kuwa sai ta yi ta gurnani, ya je ya sha ruwa ya dawo ba ta gama ba. A cikin fayafayan akwai hotunan bikin ƴarsa da lissafin bashin da yake bin mutane. Wani mai gyara ya ce masa ta mutu, sai dai ya sayi wata. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne?

AMSA: To Malam, kada ka yi saurin sayar da masararka tukuna. Injin da ke karanta faifai abu ne mai zaman kansa a cikin kwamfuta, kamar yadda taya take a jikin keke. Lalacewar taya ba mutuwar keke ba ce. Sau da yawa ma injin lafiyarsa lau, matsalar daga wani wuri take.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a shekarar 1982. Waɗanda suka san garmaho za su tuna allura ce ke bin layin faifai. Shi CD ba allura gare shi ba, wani ɗan ido ne mai fitar da siririn haske, hasken ya bugi faifan ya dawo, da haka yake karatu. Layin rubutun ya nannaɗe daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa, in da za a warware shi ya fi kilomita 5. Saboda tsananin sirantarsa, ƴar ƙura ko shatin yatsa kan sa idon ya ɓata hanya. In ya ɓata kuwa, sai injin ya rage gudu ya sake komawa baya, ya yi ta maimaitawa. Gurnanin da kake ji ke nan.

Amma ka sani, jinkirin ƴan daƙiƙoƙi ba ciwo ba ne. In an bar faifai ba a taɓa shi ba, injin yakan tsaya da juyawa, sai ya sake ɗaukar gudu in an neme shi. Haka kuma lambar da aka rubuta a gabansa, misali 52x, iyakar gudunsa ke nan a bakin faifai. A tsakiya, inda karatu ke farawa, bai kai rabin haka ba.

To ga yadda za ka bi, daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa mai cin kuɗi.

Na farko, gwada faifai. Nemi wani mai kyau wanda bai da ƙarzuwa ka sa. In ya buɗe da wuri, to laifin fayafayanka ne. Kai naka wurin wani mai kwamfuta a gwada, don ka ƙara tabbatarwa. Wajen goge faifai, sami tsumma mai laushi ka goga daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe, kada ka bi zagaye. In akwai maiƙo, wanke da ruwa da ɗan sabulu, ka bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir. Faifan da ya tsage kuwa kada ka sa shi ko kusa, domin injin mai 52x yakan juya shi fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, yana iya tarwatsewa a ciki.

Na biyu, ido. In kowane faifai ka sa sai ya yi nawa, a zargi ƙura, musamman kai da ke harkar hatsi, ga kuma hazon hunturu. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, mai gyara ya buɗe injin ya share idon a hankali da auduga. Kada a danna shi da ƙarfi, don a kan wasu siraran wayoyi yake reto.

Na uku, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Hanya biyu ce injin ke miƙa wa kwamfuta abin da ya karanta. Ɗaya ana ce mata DMA, ɗaya PIO. A DMA, kamar ɗan dako ne ke sauke buhuna yana kai su rumbu, mai kaya yana zaune yana ciniki. A PIO kuwa, mai kayan ne da kansa ke ɗaukar kowane buhu, ciniki ya tsaya. To ita Windows XP, in kuskuren karatu ya taru har sau 6, sai ta rage gudu mataki-mataki, in abin ya ci gaba ta koma PIO, kuma ba ta dawowa da kanta. Wato mugun faifai guda ɗaya yana iya jawo wa sauran. Alamarsa ita ce, in faifai yana juyawa sai sauti ya riƙa sarƙewa, kibiyar kan allo tana tafiya tana tsayawa. Ka ce wa mai gyara ya duba a inda kwamfuta ke jera sunayen kayan cikinta, ko DMA aka rubuta ko PIO. In PIO ne, ya cire wannan hanya daga jerin ya sake kunna kwamfutar, za ta shigar da ita sabuwa. Aikin bai buƙatar sayen komai. Tun da ya buɗe akwatin, ya duba faffaɗar wayar nan da ta haɗa injin da uwar kwamfuta, ko ta yi sako-sako.

Na huɗu, in duk an bi waɗannan bai yi ba, to hasken idon ne ya raunana saboda tsufa. Wannan ba ya gyaruwa da shara. Sai a kwance injin kaɗai a sa wani, ko a sayi irin wanda ake jonawa ta waje. Kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba.

Daga ƙarshe Malam, ga shawarar da ta fi duk waɗannan. Faifan da aka ɗauka a shago, irin mai launin shuɗi ko kore a ƙasa, rana da zafi suna cinye rubutunsa sannu a hankali. Ƙarzuwa ta saman CD, wato gefen da ake rubuta suna, ta fi ta ƙasa haɗari, don rubutun yana dab da wurin. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba sa zuwa da injin faifai. Saboda haka ranar da faifan ya buɗe, ko da nawa ne, ka yi haƙuri ka kwafe hotunan nan da lissafin bashin zuwa cikin kwamfutar, ka sake kwafewa a filashi. CD ɗaya megabait 700 yake ɗauka, filashi mai gigabait 8 zai kwashe fiye da guda 10. Lissafin kuma ka rubuta shi a littafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun sake jin ku a wasiƙunku na mako mai zuwa.