Ko ka san ɗan hali ne ya sa aka ƙera na'urar karɓar kuɗi?

Na'urar nan da ke gaban mai karɓar kuɗi a manyan kantuna, wadda ke tara farashi ta fitar da rasit, ba don sauƙaƙa lissafi aka fara ƙera ta ba. Maigida ne ya gaji da yaransa.

Sunansa James Ritty, yana da mashaya a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka. Kullum wurin cike yake da jama'a, amma in dare ya yi aka zo ƙirga ciniki sai a ga ba haka ba. Ya san hannun yaran na shiga aljihu, sai dai ba shi da shaida. A 1878 ya hau jirgin ruwa zuwa Turai, can ya ga wata 'yar na'ura da ke ƙirga sau nawa farfelar jirgin ta juya. Nan dabara ta faɗo masa: in ƙarfe zai iya ƙirga juyin farfela, me zai hana shi ƙirga ciniki? Da ya dawo, shi da ɗan'uwansa John, wanda makaniki ne, suka duƙufa, har suka yi wa ƙirarsu rajista a 1879.

Ta farkon ko aljihun ajiye kuɗi ba ta da shi! Fuska gare ta irin ta agogon bango, hannuwanta na nuna dala da santi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne ƙararrawar da aka sa wa irin waɗannan na'urori. Duk cinikin da aka buga sai ta yi ƙara, mai saye ya ji, maigida ma ya ji ko yana can ƙuryar shago. Yaro ya karɓi kuɗi shiru bai buga ba? To, shirun nan shi ne zai tona masa asiri, kuma mai saye ya zama shaida ba tare da an roƙe shi ba. Aikin da alat ke yi ke nan a yau, lokacin da ɗan kasuwa ke zaune a gida wayarsa na sanar da shi kowane ciniki da aka yi da POS a shagonsa na Kantin Kwari.

Ritty bai ci moriyar abin sosai ba. Kasuwar ba ta karɓe shi ba, ya sayar da haƙƙinsa ya koma kan mashayarsa. Wanda ya gane darajar na'urar shi ne John H. Patterson, ɗan kasuwar kwal, da ke da kantin ma'aikata a Coalton wanda ya yi ta tafka asara. Ya sa na'urorin, asara ta tsaya cak. Ganin haka, a 1884 ya saye kamfanin da ke ƙera su ya raɗa masa suna National Cash Register, wato NCR ɗin da ake ganin tambarinsa a jikin injinan ATM da yawa.

Patterson mutum ne mai zafin rai, korar manyan ma'aikata ba ta yi masa wuya. Cikin waɗanda suka bar wurinsa akwai Thomas Watson, wanda a 1914 ya karɓi ragamar wani kamfani da daga baya ya zama IBM. A NCR ɗin ne kuma Charles Kettering ya sa wa na'urar injin lantarki a 1906, kafin ya je ya ƙirƙiro sitatar mota, aka huta da wana hannu a gaban inji.

Yankin Dayton bai gama ba. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kantin Marsh da ke garin Troy, kusa da nan, aka fara sayar da kaya ta hanyar haska zanen layukan nan baƙaƙe da ke jikin kwali. Abin da aka fara haskawa fakitin cingam ɗin Wrigley ne, kuɗinsa santi 67.