Littafin Likita Ma Yana Tsufa

Garin Wudil yana bakin kogi ne, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Da zarar damina ta kankama sai sauro ya yawaita, masu zazzaɓi su yi ta zuwa asibiti. Maganin da ma'aikacin lafiya zai ba su kuwa ya danganta da littafin da ya karanta, da kuma shekarar da aka buga shi.

Dalili shi ne, ilmin likitanci ba ya tsayawa wuri guda. An daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da kulorakwin, har ƙwayar cutar ta daina jin sa. A shekarar 2005 Nijeriya ta maye gurbinsa da haɗin magunguna masu sinadarin atimisinin. Haka nan a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita allurar atisunet a kan kwinin wajen ceton yaran da zazzaɓi ya yi wa tsanani. Littafin da aka buga a 1995 ba shi da wannan labari, kome kyan bangonsa.

A nan ne littafin da ake karantawa a kwamfuta ko wayar hannu ya yi wa na takarda fintinkau. Idan aka gyara shi, gyaran kan iso nan take, kuma mutane da yawa na iya buɗe shi lokaci guda. A 2002 Hukumar ta ƙaddamar da shirin HINARI, domin ɗakunan karatu na asibitoci da jami'o'in ƙasashe masu tasowa su sami mujallu da littattafan likitanci ta intanet, kyauta ko a farashi mai rahusa. Tun 2021 kuma, jagorarta kan zazzaɓin cizon sauro a intanet take, ana sabunta ta a kai a kai, kowa na iya sauke ta. Ke nan malamar jinya a Wudil ba sai ta shiga mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba don ta tabbatar da ƙa'idar allura.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Aikin yana bukatar wutar lantarki, da intanet mai ƙarfi, da horo kan dabarun bincike. Bugu da ƙari, littafin da aka sauke a waya aka manta da shi yana tsufa kamar na kanta. Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai tambayoyi biyu tun daga sakandare: wa ya wallafa littafin, kuma yaushe aka sabunta shi?